Louis Bachelier: Masanin lissafin da ya sanya wa rashin tabbas farashi

A filinmu na tarihin mashahuran mutane na yau za mu leƙa ƙasar Faransa ne, domin kawo wa mai karatu tarihin wani masanin lissafi mai suna Louis Bachelier, wanda ake kira Luwi Bashaliye a lafazin Faransanci. Ya rasu tun a shekarar 1946 ba tare da an san shi sosai ba ko a cikin ƙasarsa, amma a yau da wuya a samu wani babban banki ko kasuwar hannun jari da ba a aiki da abin da ya samo asali daga tunaninsa, ciki kuwa har da kasuwannin da ake yanke farashin ɗanyen mai, wanda a kansa tattalin arzikin Libiya ya dogara.

Kafin mu shiga tarihin nasa, yana da kyau mu fayyace abin da ya yi aiki a kai, domin idan ba a gane wannan ba to ba za a gane dalilin da ya sa ake ambatonsa ba. A ɗauka wani ɗan kasuwa a nan Sabha yana son sayen buhunan dabino bayan wata uku, yana kuma tsoron kada farashi ya tashi kafin lokacin. Sai ya je wurin mai gona ya ba shi wani ɗan kuɗi, da sharaɗin cewa in wata ukun ya cika yana da damar sayen buhu a kan dinari 100, ko da a kasuwa ya kai 130. Idan kuma farashin ya faɗi zuwa 80, to ba dole a kansa, sai ya bar yarjejeniyar ya tafi kasuwa ya saya da araha, abin da ya yi asara kawai shi ne ɗan kuɗin nan da ya bayar da farko. Wannan ita ake kira yarjejeniyar zaɓi, domin mai saye zaɓi ya biya wa kuɗi, ya saya ko ya fasa. Ta yi kama da kafin alƙalami da muka sani, sai dai shi kafin alƙalami ana lissafa shi cikin kuɗin kaya idan ciniki ya faɗa, ita kuwa wannan kuɗinta daban ne, ba ya dawowa kuma ba ya shiga cikin farashi.

Tambayar ita ce, nawa ya kamata a biya? Dinari 2 ko 20? Shekaru aru-aru 'yan kasuwa suna yanke wannan da ƙiyasi da ciniki da gogewa. Bachelier shi ne ya fara zama ya fitar da amsar ta hanyar lissafi mai tsari.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a ranar 11 ga watan Maris na shekarar 1870 a Le Havre, wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewacin Faransa. Mahaifinsa Alphonse Bachelier ɗan kasuwa ne mai sayar da giyar inabi, yana kuma riƙe da muƙamin mataimakin ƙaramin jakadan ƙasar Benezuwela a garin. Mahaifiyarsa Cécile 'yar wani ma'aikacin banki ce. Ke nan yaro ne da ya tashi a gidan da maganar saye da sayarwa da bashi da riba ba baƙuwa ba ce.

Ya kammala sakandare a garin Caen a shekarar 1888, kuma abin da ake tsammani ga yaro irinsa shi ne ya wuce ɗaya daga cikin manyan makarantun Faris da ke fitar da injiniyoyi da malaman lissafi. Sai dai ƙaddara ta riga fata. A farkon shekarar 1889 mahaifinsa ya rasu, bayan 'yan watanni mahaifiyar ma ta bi shi. Yana da shekara 19 nauyin kasuwancin gidan ya dawo kansa, ga kuma ƙani ɗan shekara uku da za a raina. Daga nan kuma aka kira shi aikin soja na dole. Bai samu shiga Jami'ar Sorbonne da ke Faris ba sai a 1892, yana da shekara 22, lokacin da tsararrakinsa suka riga suka yi nisa.

Wannan jinkiri ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A Faransa ta wancan zamani, wanda bai bi ta waɗancan manyan makarantu ba tamkar bare ne a cikin malaman lissafi, ba shi da abokan aji da za su tsaya masa ranar rabon muƙami. Sakamakonsa a jami'a ma matsakaici ne. Ya samu digirin farko a 1895, sannan ya ci gaba da karatu a wurin manyan malamai, ciki har da Henri Poincaré, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a fagen lissafi a Faransa.

Kundin shekarar 1900

A ranar 29 ga Maris 1900 Bachelier ya tsaya gaban malamai uku, Paul Appell da Joseph Boussinesq da shi Poincaré, domin kare kundin digirinsa na digirgir. Sunan kundin da Faransanci Théorie de la spéculation, wato nazari a kan cinikin hasashe a kasuwar hannun jari. Abin da ya duba shi ne takardun bashin gwamnatin Faransa da ake ciniki a kasuwar Faris, da kuma yarjejeniyoyin zaɓi da ake ƙullawa a kansu.

Ya fara ne da wani tunani mai sauƙi. A kowane lokaci, farashin da ke kasuwa shi ne inda masu ganin zai tashi da masu ganin zai faɗi suka haɗu. Da a ce kowa ya tabbatar zai tashi gobe, da tun yau an saye kayan har farashin ya tashi. Saboda haka abin da ya rage na motsin gobe babu wanda ya san inda zai dosa, kuma mai cinikin hasashe, idan aka haɗa ribarsa da asararsa a bisa ƙiyasi, ba ci ba faɗuwa yake. Bachelier bai ɓata lokaci wajen neman gano inda farashi zai je ba. Abin da ya tambaya shi ne, yaya nisan da zai iya yi, ko sama ko ƙasa, cikin wani lokaci da aka ƙayyade?

A nan ne ya fito da abin da har yau ake koyarwa. Nisan da farashi ke iya yi ba ya ƙaruwa daidai da yawan kwanaki. Idan a wata ɗaya farashin buhu kan kauce da kimanin dinari 10, to a wata huɗu ba 40 zai kauce ba, 20 ne, a wata tara kuma 30. Dalili kuwa shi ne hawa da sauka suna cinye juna a hanya, kamar mutumin da ya ɓace a sahara da dare yana taku nan yana taku can, ya yi tafiya mai yawa amma bai yi nisa da inda ya taso ba. Wani dillalin kasuwar Faris mai suna Jules Regnault ya lura da wannan tun a 1863, amma Bachelier ne ya gina masa cikakken lissafi. Ya kuma nuna cewa yadda yiwuwar farashi ke bazuwa da tafiyar lokaci daidai yake da yadda zafi ke bazuwa a jikin ƙarfe, abin da Joseph Fourier ya riga ya yi wa lissafi a 1822.

Daga nan ya fitar da kuɗin zaɓi. Idan farashin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne farashin yau, to kuɗin zaɓin ya kama kimanin kashi 40 cikin 100 na wancan ma'aunin kaucewa. A misalinmu na dabino, zaɓin wata ɗaya zai kama dinari 4, na wata huɗu dinari 8. Bai tsaya a takarda ba, ya gwada lissafin nasa da farashin da aka yi ciniki a kai a kasuwar Faris, ya ga sun yi kusa da juna ƙwarai.

Abin lura a nan shi ne, shekara biyar bayan haka, a 1905, Albert Einstein ya fito da irin wannan lissafi domin bayyana motsin ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa, wanda masanin tsirrai Robert Brown ya gani a madubin ƙara girma tun 1827. Einstein bai san da aikin Bachelier ba. Duniya ta yi ta jinjina wa Einstein, shi kuwa wanda ya riga shi ko a gida ba a waiwaye shi ba.

Rahoton da Poincaré ya rubuta a kan kundin ya yaba da sabon salon tunanin ɗalibin, ya kuma nuna cewa batun ya yi nesa da irin waɗanda ɗaliban lissafi suka saba ɗauka. An ba shi sakamako mai daraja, amma ba mafi girma ba, alhali mafi girman ne ke buɗe ƙofar samun kujerar farfesa a Faris. An daɗe ana cewa malaman sun zalunce shi. A ganina an ɗan zuzuta wannan magana, domin an buga kundin a wannan shekarar a mujallar École Normale Supérieure, ɗaya daga cikin mafiya daraja a ƙasar, kuma Poincaré ya ci gaba da taimaka masa wajen samun tallafin karatu. Matsalar ita ce a wancan lokaci manyan masana suna kallon kasuwar hannun jari a matsayin wurin 'yan caca, shi kansa lissafin yiwuwa ba a ɗauke shi cikakken reshen lissafi ba.

Shekarun yawo da neman kujera

Daga 1909 zuwa 1914 yana koyarwa a Sorbonne a matsayin malami mai zaman kansa, ba tare da cikakken muƙami ba. A 1912 ya fitar da babban littafinsa kan lissafin yiwuwa, a 1914 kuma ya fitar da wani na gama-gari kan caca da sa'a, wanda ya samu karɓuwa har aka sayar da fiye da kwafi 6,000. A daidai lokacin da jami'ar ta fara shirin tabbatar masa da aiki sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. An ɗauke shi soja a watan Satumba na 1914 yana da shekara 44, a matsayin kurtu, bai dawo ba sai ƙarshen 1918. Poincaré kuwa, wanda shi ne gatansa, ya riga ya rasu tun 1912.

Bayan yaƙi sai ya koma malamin cike gurbi: Besançon daga 1919, Dijon daga 1922, Rennes daga 1925. Ya yi aure a 1920 yana da shekara 50, matar ba ta jima ba ta rasu.

Abin da ya fi yi masa ciwo ya faru ne a 1926, lokacin da kujerar farfesa ta samu a Dijon ya kuma nema. Wani malamin jami'ar mai suna Maurice Gevrey ya ɗauki wata maƙala da Bachelier ya buga a 1913, ya ga abin da yake zaton kuskure ne, sai ya tura wa Paul Lévy, fitaccen masanin lissafin yiwuwa a Faris, domin jin ra'ayinsa. Lévy ya duba shafin da aka nuna masa kawai, bai koma baya ya ga yadda marubucin ya bayyana ma'anar alamominsa ba, ya amsa cewa lallai kuskure ne. Da wannan aka hana Bachelier kujerar. Gaskiya ne rubutunsa ba shi da tsauri irin wanda malaman Faris ke so, yakan tsallake matakai yana dogaro da basira, amma sakamakon da ya fitar daidai ne.

Sai a 1931, da babban masanin Rasha Andrei Kolmogorov ya buga wata muhimmiyar maƙala ya ambaci Bachelier a matsayin wanda ya fara share wannan fage, sannan Lévy ya koma ya karanta aikin da kyau, ya rubuta masa takardar neman afuwa, suka shirya. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1927 ne, yana da shekara 57, ya samu kujerar dindindin a Besançon, ya yi shekara goma a kai ya yi ritaya a 1937. Ya rasu a ranar 28 ga Afrilu 1946 a Saint-Servan, kusa da Saint-Malo, yana da shekara 76.

Yadda aka tono aikinsa

Wajen tsakiyar shekarun 1950 wani masanin ƙididdiga a Amurka, Jimmie Savage, ya ci karo da ɗaya daga cikin littattafan Bachelier a ɗakin karatu, sai ya aika wa wasu masana tattalin arziki 'yan katuna yana tambayar ko sun san mutumin. Ɗaya ya faɗa hannun Paul Samuelson na jami'ar MIT, wanda ya nemo kundin 1900 ya karanta, ya ga cewa abin da yake ta fama da shi an riga an yi rabin ƙarni da ya wuce. An buga fassarar kundin da Ingilishi a 1964.

Samuelson ya ga aibi ɗaya. A lissafin Bachelier farashi na hawa da sauka ne da adadin kuɗi, dinari 10 sama ko dinari 10 ƙasa, don haka idan aka ba shi lokaci zai iya faɗuwa ƙasa da sifiri, abin da ake ganin hankali ba zai ɗauka ba. Sai ya gyara shi a 1965, ya mai da motsin ya zama na kashi cikin ɗari, ta yadda farashi zai iya ƙanƙancewa amma ba zai ƙetare sifiri ba. A kan wannan gyara ne Fischer Black da Myron Scholes suka gina sanannen lissafinsu da aka buga a 1973, Robert Merton kuma ya faɗaɗa shi a wannan shekarar, wadda a cikinta ne aka buɗe kasuwar cinikin zaɓi ta Shikago a watan Afrilu. Scholes da Merton sun samu kyautar Nobel a 1997. Black ya rasu a 1995, ba a kuma ba mamaci wannan kyauta.

To amma lissafin Black da Scholes yana ba da amsa kai tsaye ne ga zaɓi mai sauƙi kawai, wanda ake aiwatarwa a ranar ƙarshe. Akwai zaɓin da mai shi ke da damar aiwatarwa a kowace rana kafin wa'adi, akwai kuma wanda ya dogara da matsakaicin farashin wata guda, kamar yadda ake yi a cinikin mai. Irin waɗannan ba su da amsar da za a rubuta a layi ɗaya, dole sai an bi su taki-taki da kwamfuta, kuma hanyoyi uku ne suka yi fice.

Wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce ta reshe, wadda John Cox da Stephen Ross da Mark Rubinstein suka fitar a 1979. A ce buhu yana dinari 100 yau, wata mai zuwa kuma ko dai ya zama 110 ko 90. Mai zaɓin saye a kan 100 zai ci 10 idan ya tashi, ba zai ci komai ba idan ya faɗi. Yanzu a ce wani ya sayi rabin buhu a kan 50, ya ranci 45 ba da ruwa ba, ya cika 5 daga aljihunsa. Idan farashi ya tashi rabin buhunsa ya zama 55, ya biya bashi, saura 10. Idan ya faɗi ya zama 45, ya biya bashi, saura babu. Ke nan dinari 5 ɗin nan ya haifar da abin da zaɓin ke haifarwa daidai wa daida, don haka kuɗin zaɓin 5 ne, ko da kuwa kowa a kasuwa yana rantsuwa farashi tashi zai yi. Kwamfuta tana raba wa'adin gida ɗari ko dubu, kowane mataki ya rabu biyu kamar reshen itace, sannan ta faro daga ranar ƙarshe tana dawowa baya har zuwa yau, a kowace mahaɗa tana duba ko aiwatarwa yanzu ya fi jira. Idan matakan na adadin kuɗi ne kamar a wannan misali, aka kuma ƙanƙanta su sosai, amsar tana komawa ne ga ta Bachelier.

Ta biyu ita ce ta Monte Carlo, sunan wani garin 'yan caca a Monako, wadda Phelim Boyle ya shigo da ita wannan fage a 1977. Kwamfuta na ƙirƙiro dubban hanyoyin da farashi zai iya bi, tamkar mai jefa ƙuri'a, ta lissafa abin da zaɓin zai biya a kowace, ta ɗauki matsakaici. Dokar nan ta wata huɗu ninki biyu tana nan ma: in ana son rage kuskure da rabi, sai an ninka gwajin sau huɗu. Ta uku kuma, wadda Michael Brennan da Eduardo Schwartz suka yi amfani da ita a 1977, tana zana farashi da lokaci kamar gidajen dara, ta warware lissafin bazuwar zafin nan gida bayan gida.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa da wannan an gama da asara. Tun a 1963 Benoit Mandelbrot ya duba farashin auduga na shekaru masu yawa ya nuna cewa manyan girgizar kasuwa sun fi yawa fiye da yadda lissafin Bachelier ke nunawa. A 1998 kuma kamfanin zuba jari na LTCM, wanda Scholes da Merton ke cikin masu shi, ya yi asarar fiye da dala biliyan 4 cikin 'yan watanni, sai da aka tara manyan bankuna suka ceto shi. Shekara ɗaya ke nan bayan kyautar Nobel.

Ga mu Musulmi kuma akwai maganar halacci, wadda lissafi ba ya amsa ta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa yarjejeniyar zaɓi kamar yadda ake yin ta a kasuwannin duniya ba ta halatta ba, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba kuma amfani ba ne da shari'a ta yarda a karɓi kuɗi a kansa. A 1993 a Burunai majalisar ta halatta cinikin arabun, wato kafin alƙalamin da ba a mayarwa, idan an ƙayyade wa'adi, bisa ra'ayin Hambaliyya, duk da cewa mazhabar Malikiyya da muke bi ta hana shi. Duk da haka wanda bai taɓa sayen zaɓi ba ma abin yana shafarsa, tunda kamfanonin mai da na jiragen sama da masu shigo da alkama da irin waɗannan yarjejeniyoyi suke kare kansu daga hauhawar farashi.

An kafa ƙungiyar masana lissafin harkar kuɗi mai ɗauke da sunan Bachelier a 1996, ta kuma yi babban taronta na farko a Faris a 2000, shekara ɗari cif bayan kare kundin. Sai dai abin da ya fi dawo da sunansa bakin 'yan kasuwa ya faru ne a 2020. A lokacin annobar korona ta tsayar da jirage da motoci a duniya, a nan Fezzan kuma rijiyoyin Sharara da El Feel suna rufe tun farkon shekarar saboda rikicin siyasa. A Amurka rumbunan ajiyar mai na Cushing sun kusa cika, masu riƙe da kwangilar watan Mayu suka rasa inda za su zuba shi. A ranar 20 ga Afrilu farashin gangar ɗanyen man Amurka ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifiri, wato mai kaya ne ke biyan wanda zai ɗauke masa. Man Brent, wanda da shi ake auna na Libiya, bai kai haka ba, amma ya faɗi ƙasa da dala 20.

Lissafin da aka gina a kan gyaran Samuelson ba ya iya karɓar farashin da ke ƙasa da sifiri, kwamfutoci ba su da amsar da za su bayar. A ranar 22 ga Afrilu 2020 kasuwar CME ta Shikago ta koma amfani da lissafin Bachelier na 1900 wajen ƙiyasta kuɗin zaɓin mai, saboda wancan aibi da aka gyara masa a 1965, ta kuma ci gaba da aiki da shi na wasu watanni har kasuwa ta daidaita.